Kawunka Ba Zai Ce Maka A'a Ba

Mahjar, Jidda

Ɗana Anas,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar uwa ga ɗanta. Ina roƙon Allah Ya fitar da kai daga gidan nan lafiya, Ya sauke ka ƙasar Sin lafiya, Ya tsare ka a sama da ƙasa, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya nisanta ka da na banza.

Na san za ka yi dariya, uwa tana rubuta wa ɗanta wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakaninsu, ina ma jin motsinka kana fama da akwati. Dalilina shi ne, in na buɗe baki, kafin in kai rabin zance ka juya shi Larabci, "Halas Umma, na gane, na gane," ni kuma raina ya ɓaci, mu tashi ba wanda ya ji wani. A takarda ba ka da bakin katse ni. Da gangan kuma na rubuta da Hausa, da bokon da Malama Asabe 'yar Zariya ta koya mana ni da kai lokacin tana maƙwabciyarmu, don na san a Hausa ba ka iya gudu, dole ka bi ta kalma-kalma.

Da farko ka sani ina alfahari da kai. Yaron da aka haifa a Mahjar, wanda ya fara haddace haruffan Sinanci daga jikin kwalayen da babanka ke saukewa a sito a unguwar masana'antu, yau ga shi jami'a ta kira shi ya yi digiri na biyu a nazarin ƙasashen Gabashin Asiya. Ka ce za a fara koya muku hanyoyin bincike da yadda ake tattara bayanai, sannan a sake ku cikin gari ku yi hira da mutane. Ka ce naka binciken a kan 'yan kasuwarmu baƙar fata ne da ke zaune can, da yadda suke zama da Sinawa. Madalla. Ni ko harafi ɗaya na Sinanci ban sani ba, in na gan shi sai in ga kamar kaza ta yi tono, kuma malamanka sun fi ni sanin aikinsu nesa ba kusa ba. Amma tambayar mutane gida-gida na yi ta shekara da shekaru kana ƙarami, lokacin da nake aiki da asibitin taimakon mata na unguwar nan, na kuwa tafka kurakurai a cikinta. Su zan ba ka ka tafi da su, tunda ba za su ƙara wa akwatinka nauyi ba.

Bari in fara da abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ka tara mu a falo ka karanta mana tsarin binciken da za ka aika wa malaminka. Ka zo wurin da ka ce shi ne ƙashin bayan aikin, labarin wani mutum da ka sa wa suna Malam Idi. Bahaushen Sudan ne, ya yi zama a Jidda, yana ɗingishi da ƙafar hagu, yana yi wa 'yan kasuwa tafinta da Hausa da Larabci da Sinanci. Bizarsa ta ƙare tuntuni. Ya auri Basiniya musulma a gaban liman kawai, ba a ofishin gwamnati ba, suna da 'ya ɗaya. Ba ka kai ƙarshen layin ba, ƙanwarka Rahma da ke gefe tana latsa waya ta ɗago kai ta ce, "La, ai Kawu ne!"

Ka ce, "To, Kawu ne, amma ku ne kuka sani. Ai na canza sunan."

Na ce, "Ya san za ka rubuta?"

Ka ce, "Umma, ya yarda. Na tambaye shi a waya kafin in fara ɗaukar muryarsa, ya ce ma fi mushkila, ba matsala, ɗana, tambayi duk abin da kake so."

Na bar maganar a nan, don babanka na zaune, kuma ba na son in yi maka faɗa ana gab da tafiyarka. Amma tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. In hukumar can ta gano shi, jirgi za a sa shi zuwa Sudan, inda ba mu da sauran ko ɗaki ɗaya, kuma doka ba ta san yana da mata da 'ya ba, ba za su bi shi ba. Maganar ke nan. Zan dawo kanta, amma sai ka biyo ni ta hanyar da na bi na san ta.

Wadda ta ɗauke ni aiki likita ce 'yar Sudan, Daktora Su'ad, doguwa, ba ta da wasa. Abin da take so shi ne ta san halin matan unguwa: wace ce ke da ciki, wa ke haihuwa a gida, wane yaro ne ba a yi wa rigakafi ba. Ta zaɓe ni don ina jin Hausa da Larabci. Ni kuwa sai kaina ya kumbura. Na je kasuwar Balad na sayi sabuwar abaya, na rataya katin aiki a wuya, na rungume fayil, na shiga lungu ina taku ɗai-ɗai. Ƙofar farko da na ƙwanƙwasa, sai na ji takalma suna gudu a ciki, daga nan tsit. A ta biyu wata murya ce ta amsa daga bayan ƙyaure, "Ba kowa a gidan!" Haka na wuni ina shan rana a banza. Daga baya na ji labari ya zaga unguwa cewa jawazat, masu kamen marasa takarda, sun fara turo mata masu jin Hausa. Wata tsohuwa har ta tattara ta koma gidan 'yarta a wata unguwar.

To ka ji. Kafin ka buɗe baki, tufafinka da jakarka da katin jami'ar da ke wuyanka sun riga sun yi magana. Inda za ka akwai mutane da yawa da takardunsu ba su cika ba, saurayi mai na'urar ɗaukar murya ba abin farin ciki ba ne a wurinsu. Ka je ka zauna, ka sha shayi, ka koma, ka sake zuwa, sai fuskarka ta daina zama sabuwa. Amma kada ka yi abin da na yi bayan nan. Da na ga kati na kore mini mutane, sai na cusa shi a jaka na fara cewa zumunci ne ya kawo ni, in ji hirarsu in fito in rubuta a bakin titi. Da Daktora ta gane, ta ce, "Hauwa, abin da aka ba ki a matsayin baƙuwa kika kawo mini a matsayin ma'aikaciya, sunansa sata." Ta yayyaga takardun a gabana. Ranar na ji haushinta, amma gaskiyarta ce. Ka faɗa wa kowa ko kai wane ne da inda maganarsa za ta je, wanda ya ga dama ya tashi ya bar ka.

Da ƙofofi suka fara buɗewa, sai na faɗa wani ramin. In shiga in ce, "Ya jiki? Ya yara?" A ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi." In rubuta lafiya. Na tara aikin na kai wa Daktora ina jiran yabo. Ta duba, ta cire tabarau, ta ce, "Ma sha Allah. Unguwar nan ko mai ciwon kai babu. Yalla, mu rufe asibitin mu tafi gida." Kunya kamar in nutse. Ni Bahaushiya, na sani sarai ko mutum na kwance rai a hannun Allah, in ka ce ya jiki zai ce da sauƙi, amma da aka damƙa mini biro sai na manta abin da na sani tun ina goye. Ita ta koya mini in daina tambayar yadda ake, in tambayi abin da aka yi. In ce, "Ran da zazzaɓi ya kama ɗan autanki, me kika fara ba shi? Daga nan fa?" Nan take baki ke buɗewa.

Kai ma in ka tambayi ɗan kasuwa, "Ya zama da Sinawa?" alhamdu lillahi zai ce maka, ka koma ɗaki da littafi cike da godiyar Allah. Ka ce masa ya ba ka labarin ran da ya kama hayar shagonsa, daga farko, wa ya fara gani, me aka ce masa. Kuma ban san Sinawa ba, amma ban taɓa jin al'ummar da ba ta da amsar da take ba baƙo don a rabu lafiya ba. Ka nemi tasu ka gane ta kafin ka fara rubutu.

Wani kuskuren kuma son kai ne, ko in ce kishin namu. Wata rana Daktora ta raka ni wani gida, ina yi mata tafinta. Ta ce in tambayi matar gidan me ya hana ta kawo jaririnta rigakafi. Matar ta ce da Hausa, "Ki faɗa mata gaskiya, tsoro nake ji a tambaye ni iƙama, takardar izinin zama, a bakin ƙofa, gara in ba shi jiƙo a ɗaki." Ni kuwa na ji nauyin a ce matanmu haka suke, sai na juya na ce da Larabci wai lokacin asibiti ne bai yi mata daidai ba. Na yi haka a gida fiye da ɗaya. Daktora, baiwar Allah, ta yarda da ni, ta sauya lokacin rigakafi zuwa yamma, ta zauna ita da ma'aikatanta suna jira, ba wadda ta zo. Sai da ta matsa mini na faɗi abin da matan suka ce, sannan ta sa aka sanar cewa ba a tambayar kowa takarda a ƙofarta. Yaran da aka jinkirta wa allura saboda gyaran bakina, Allah Ya yafe mini.

Abin da aka faɗa shi za ka rubuta, ko da ya ba ka kunya, ko da bai yi daidai da abin da ka riga ka sa a ranka ba. Kuma ka ce mutanen kudancin ƙasar suna da wani harshen da ba shi ka koya ba. In ka ɗauki tafinta, ka tuna da ni. Shi ma yana da mutanensa da yake so su fita kunya a idon baƙo. Ba maƙaryaci ba ne, mutum ne kawai. In amsa ta zo maka a goge sumul, ka sake tambaya ta wata hanyar.

Sannan ka kiyayi gidajen da ke da daɗin shiga. Ni na fi zuwa wurin matanmu na Sudan masu iƙama, waɗanda ke ba ni shayi da kirfa muna hirar garin Madani na can Sudan. Na dawo na ce yawancin matan unguwa a asibiti suke haihuwa. Daktora ta ce, "Matan unguwa kika tambaya, ko ƙawayenki?" Waɗanda ke can ƙarshen lungu, 'yan Nijar da 'yan Najeriya da suka zo umra suka zauna, ko ƙofarsu ban taka ba, kuma su ne ake aikin dominsu. Kai na ga duk tsarinka a bakin masallaci ya tsaya, wurin masu jin Hausa. Haba Anas, karatun ƙasar Sin ka je yi ko gaishe da dangi? Mai gidan haya, da matar da ke ɗaure kaya a kasuwa, da direban da ke kai su tashar jirgin ruwa, su ma suna zama da baƙin nan, suna kuma da abin faɗa. Za su fi wuyar samu, shi ya sa nake gaya maka tun yanzu.

Yanzu ga wanda na fi so ka karanta a hankali.

Akwai wata mata, bari in kira ta Ladi, ba sunanta ba ne. Daga Nijar ta zo umra ta zauna. Tana soya awara a wani lungu kusa da Balad, tana da tabon ƙuna a hannun dama. Naƙuda ta taɓa zo mata da gardama a ɗaki, aka kira ni, na sa ta a tasi na kai wa Daktora, Allah Ya yi da sauran kwananta ita da jaririn. Tun daga nan in ta gan ni har ƙasa take durƙusawa. Wata rana na ce mata, "Ladi, ina so in ba mata labarinki don su daina haihuwa a gida. Ba zan faɗi sunanki ba. Kin yarda?" Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, ta ce, "Yaya Hauwa, ke ai ba kya tambaya. Duk abin da kika ga ya dace." Na miƙe zan tafi, ta biyo ni har bakin ƙofa ta ce, "A ina za ki faɗa?" Na ce a cikin mata ne kawai. Ta ce, "To." Na tafi ina cewa na nemi izini an ba ni.

A gidan suna na ba da labarin, nan Mahjar, falo cike da mata. Na ce wata baiwar Allah ce daga Nijar, 'yar sana'a ce a wajen Balad, ba ta da takarda shi ya sa ta ji tsoron asibiti. Na faɗi yadda ta riƙe ni da hannunta mai tabo a cikin tasi. Ban faɗi suna ba, ina jin kaina mai wayo. Sai wata a bayana ta ce, "Allah sarki, mai awara!"

A cikin matan akwai matar mai gidan da Ladi ke haya. Ba muguwa ba ce, ita dai a da tana zaton Ladi na da miji mai iƙama da take ƙarƙashinsa. Ta je ta gaya wa maigidanta, shi kuma ya ji tsoron hukuncin ajiye marar takarda, ya ce ta nemi wani wurin. Ta yi ta raɓe-raɓe daga wannan ɗaki zuwa wancan. Tana cikin wannan yawon, ɗauke da kayanta da jariri a baya, aka yi kame ya rutsa da ita. Aka kai ta tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, daga nan sai jirgi. Babbar 'yarta tana gidan maƙwabta ranar, aka bar ta a nan. Ta daɗe a hannun mutane kafin a samu mai tafiya ya kai ta wurin uwarta. Nakan gan ta a lungu tana ɗebo ruwa, in kasa haɗa ido da ita.

Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, babanka ya sani, Daktora ma ta sani. Ita ba ta yi mini tsawa ba a wannan karon. Zaunar da ni ta yi ta ce, "Abu biyu kika yi. Kin cire suna kin bar mutum. Sannan kin nemi izini a wurin wadda ba ta da bakin hana ki."

Ka san kara, ko da ba ka cika faɗin kalmar ba, a cikinta aka rene ka. Wanda aka yi wa alheri ba ya mayar da hannun mai alheri. Babba ba ya kunyata ƙarami in ya zo da buƙata. Kawu kuwa a wurinmu, ko idonsa ɗan 'yar'uwarsa ya roƙa, cewa zai yi ɗauka. Malamanka za su koya maka neman yardar mutum kafin hira, za su ba ka takardar da zai sa wa hannu, kuma abu ne mai kyau, ka bi shi sau da ƙafa. Amma an yi wannan tsarin ne don wanda zai iya ce maka a'a. Kawunka ba zai iya ba. Yaron da ya taɓa ɗauka a kafaɗa ya kai bakin teku ya kira shi ya ce karatunsa na buƙatarsa, me kake so ya ce?

Shekaranjiya na kira shi mu gaisa. Ban ta da maganar ba, shi ya ta da ita. Ya ce, "Yaya, yaron nan naki ya iya tambaya, ya tatse ni tas." Muka yi dariya. Sai ya ce, "Wai abin nan a ina zai fito ne? Malaman nasa ai 'yan ƙasar ne, ko?" Na ce zan tambaye ka. Ya ce, "A'a a'a, kada ki dame shi, karatunsa ne." Na taɓa jin wannan tambayar a bakin ƙofar Ladi. Iyakar a'ar da zai iya yi maka ke nan, kuma ni ya yi wa, ba kai ba.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce jami'a na da dokoki, ana kulle muryoyi, malamai mutanen kirki ne ba 'yan sanda ba. Na yarda, ban zargi kowa ba. Matan gidan sunan nan ma ba wadda ta nufi Ladi da sharri. Amma kundin digiri ana ajiye shi a ɗakin karatu, ana karanta shi a gaban taro, wani ɗalibin da ke shiga kasuwar da kake shiga zai ji, ya faɗa wa wani don mamaki, magana kuwa zarar bunu ce. Gaya mini, Bahaushen Sudan mai ɗingishi mai harshe uku, su nawa ne a garin? Rahma da hankalinta ke kan waya ma ba ta bari ka kai aya ba. Za ka ce to ka canza ƙasar, ka cire ƙafar, ka mai da 'yar ta zama ɗa. In ka cire duk wannan, sauran abin da ya sa labarin ya yi maka daɗi shi ne auren da bizar, kuma su ne abin da za a kama shi da su. Ka tambayi malamanka yadda ake ɓoye mutum da kyau, tabbas sun san dabarun da ban sani ba, ka yi amfani da su a kan waɗanda ba su san uwarka ba, waɗanda in ba su so za su ce maka tashi ka ba mu wuri.

Ga abin da nake roƙonka. Ka cire kawunka daga tsarin kafin ka aika. Ka goge muryarsa daga wayarka kafin ka hau jirgi, kada ta tsallaka iyakar ƙasar a aljihunka. In malaminka ya tambayi inda labarin da ka yi masa alkawari ya tafi, ka gaya masa gaskiya: ɗan'uwanka ne na jini, ka ga bai dace ba. Kada kuma ka mai da shi ɗan jagoranka yana kai ka shago-shago. Duk wanda kawunka ya kai ka wurinsa zai amsa maka ne don kararsa, shi kuma a riƙa ganinsa da mai ɗaukar murya. Kada ka kira shi ka sake tambayar ko ya yarda, don sake yarda zai yi. Kira shi kawai ka ce, "Kawu, na cire, na goge." Zai ce haba, don me, ai ba komai. Kai dai ka saurari yadda muryarsa za ta sake.

Ba ƙaramin abu nake roƙo ba, na sani. Shi ne mafi kyawun abin da ke hannunka, na ga yadda idonka ke ƙyalli kana karantawa. In ka cire shi za ka sauka garin ba ka san kowa ba, ka fara daga tushe kamar kowane baƙo, mai yiwuwa 'yan ajinku su riga ka gamawa. Wannan ya dame ni, don ni ma ina so ka fito da sakamakon da zan yi ta baza shi a unguwa har a gaji da ni. Amma jinkirin karatu ana rama shi. Kuma kada kai ma ka ce mini to don kara, ka je can ka yi abin da ka ga dama. In kana ganin ban fahimta ba, ka same ni a kicin ka faɗa mini ido da ido, da Larabcin ma na yarda, ba zan ɗaga murya ba in Allah Ya so.

Rabona da kawunka tun kana firamare. Ba ya iya fitowa, don in ya fita ba shi ba komawa. Ran da Innarmu ta rasu a waya ya yi kukansa, ina riƙe da wayar a kunne har ta yi zafi. Duk duniya ba wanda ya kai ni son ganinsa. Amma na daɗe da gaya wa zuciyata mai yiwuwa sai a lahira, na kuma yarda da hakan, in dai yarinyar nan za ta riƙa tashi da safe ta ga ubanta a gida.

Kai ne za ka gan shi a madadina. In ka natsu ka je gidansa, ka bar biro da littafi a ɗakinka. Ka gaishe da matarsa da ladabi, ka ci abin da ta dafa ko da bai yi maka ba. Ka ɗauki yarinyar ka gaya mata tana da gwaggo a Jidda. Ka duba mini ko ya yi furfura, ko ƙafar ta ƙara matsa masa, ko har yanzu yana rufe baki da hannu in zai yi dariya. Wannan bayanin nake so ka tattaro, kuma ni kaɗai za ka kawo wa.

Ka riƙe sallarka a kan lokaci, ka kula da abin da kake ci, ka riƙa kiran babanka ko da shi ba zai ce ka kira ba. Allah Ya buɗa maka ƙirji, Ya ba ka ilimi mai amfani, Ya sa malamanka su ji daɗinka. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki, naka da na wasu, Ya dawo mana da kai lafiya. Shi kuma kawunka, Allah Ya ci gaba da rufa masa asiri, kada Ya sa tonuwarsa ta zo ta hannun jininsa.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
Hauwa